Kwanukan Dubiyar Alhaji Sale

Tun ranar da na dawo daga Garwa bakina bai huta ba. A wurin aiki a tare ni, a gidan biki a ja ni gefe, har maƙwabciyata da ba ma wuce gaisuwar nesa ta yi sallama ta baje a tabarma, wai ta ji an ce na je Kamaru na ƙwace wa matan gari kwanuka. To ni ban ƙwace ba, tsarewa na yi, kuma da dalilina. Na gaji da maimaitawa, ga shi kowa ya ɗauka sai ya ƙara nasa gishirin. Saboda haka ga labarin daga bakin mai shi, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa ya karanta.

Ga waɗanda ba su san aikina ba, ni ce shugabar wani sashe a wani asibiti a Kano, inda ake gwaji da magani da sinadarin nukiliya. Da mutane sun ji kalmar nan sai su tuna da bam. Alhali abin bai wuce mu ba mara lafiya ɗan magani mai fitar da wani tururi da ido ba ya gani ba. Tururin ya ƙone ciwon daga ciki, sannan ya yi ta raguwa da kansa har ya ƙare. Nawa aikin shi ne in tabbatar ya tsaya a kan wanda aka nufa, bai taɓa ma'aikaci ba, bai bi mai jinya gida ba. Wannan ne ya mayar da ni mafaɗaciya. A bayan idona ma'aikatana suna ce mini Hajiya Matsa-Baya, suna zaton ban sani ba.

Wani asibiti a Garwa ne ya buɗe irin wannan sashe, sabo fil. Shugabansa, Dakta Bubakari, wanda muka taɓa zama aji ɗaya a wani kwas, ya roƙi in je in tsaya musu a kan mara lafiyarsu na farko. Ni da ko Maraɗi ban taɓa leƙawa ba! Na shiga rawar kai sai ka ce kujerar Makka aka ba ni. Na ɗinka sababbin atamfofi, na sa 'yata ta koya mini gaisuwar Faransanci, na yi ta gwadawa a kan maigidana har ya ce in ban daina ce masa bonjur ba zai koma kwana a shago.

Ta Gombe muka bi, muka yada zango a Mubi, washegari na shiga wata tsohuwar mota mai zuwa bakin iyaka. Ba zan ɓata bakina a kan hanyar ba, illa dai in ce duk abin da na ci a Mubi ya san ya yi tafiya. A jakar hannuna akwai na'urar da nake auna tururi da ita, wadda ba na rabuwa da ita. Ƙarama ce, tana da ɗan allo da wata 'yar ƙara ƙyas, ƙyas. Ko'ina aka kunna ta sai ta ɗan yi, don ƙasa da duwatsu ma suna da nasu tururin kaɗan, amma in ta shinshino na gaske sai ta ɓarke da surutu ba tsayawa. A sashenmu 'Yar Tsegumi muke ce mata.

A tsallaken iyaka wani jami'in kwastan, dogo mai gashin baki, ya zazzage jakata. Ya wuce turare, ya wuce man shafawa, ya zaro 'Yar Tsegumi ya danna. Ta ce ƙyas. Ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya rage murya.

"Madam, wannan na neman zinari ne, ko?"

Na ce a'a, na asibiti ne, na miƙa masa takardun gayyata. Ya ce, "Dakor, dakor," wato ya yarda, amma fa bai yarda ba. Sai ga shi ya fita bayan ofis da ita yana duƙe, yana bin gindin katanga, fasinjojin motarmu na biye da shi a layi. Duk inda ya kai ta sai ta ce ƙyas. Ya dawo yana zufa, ya ce shi dama ya daɗe yana zargin wurin nan akwai arziki, sai dai a warwatse yake. Kafin mu tashi wani dattijo ya biyo ni har mota yana roƙon in leƙa gonarsa, ba nisa, in an samu mu raba. Na yi dariya har sai da ɗankwalina ya zame.

Muka gangara ta Gidar, direba ya ratsa Figil don ya sauke wani fasinja. Garin siminti ne da fasa dutse, kowa ka gani fari fat, har awaki. A nan na fara cin burodinsu, dogo siriri mai tauri, a hammata ake ɗaukarsa kamar lema. Wani mai shayi ya tsaga shi ya cusa wake da mai. Na ce a raina wannan wace irin ƙeta ce, sai ga ni ina neman ƙari.

Sai Garwa. Jama'a, mu Kanawa mu daina cewa mun san zafi. Na sauka daga mota na ji kamar an buɗe mini murfin tukunya a fuska. An ba ni ɗaki a cikin harabar asibitin, da fanka mai ƙoƙari, sai dai iskar da take kaɗowa ta fi wadda ta tarar zafi. Amma mutanen garin sun biya ni. Dakta Bubakari Bafulatani ne siriri mai sanyin murya, ya tarbe ni da "Jabbama," ya shiga jero gaisuwa da Fulatanci, kowace in amsa da "Jam". Mu a Kano gaisuwa da ƙarfi ake yi, a ji ka daga ƙofar gida. Su kuwa ƙasa ƙasa suke yi, ido a ƙasa, kamar masu ƙulla wata magana. Na kwana biyu ina zaton gulmata ake yi, ashe lafiyar shanu ake tambaya.

Abinci kuwa ba a magana. Giwan ruwa gasasshe daga kogin Binuwai, tuwo da miyar yakuwa wadda suke ce wa folere, da kindirmo mai kauri. Kowa a kan babur yake, mata da maza, har na ga wata da tire a ka tana tuƙi da hannu ɗaya. A titi ɗaya za ka ji Fulatanci da Faransanci da Hausa, sau da yawa a bakin mutum ɗaya kafin ya kai ƙarshen zance.

A sashen na tarar da babbar nas ɗinsu, Madam Solanj, mutuniyar kudu, gajera kakkaura, Hausarta ta kasuwa ce amma tana kai saƙo. Tun ranar farko na gane 'yar gidanmu ce. In na kafa doka sai ta maimaita, ta ƙame kamar soja. Na yi ta horar da su: kada ka daɗe kusa da mara lafiya, kada ka matsa in ba dole, ka sa katangar dalma tsakaninku. Babbar dokar kuwa na faɗe ta har ta zama waƙa: duk abin da ya shiga ɗakin nan ba ya fita sai na auna shi. Dalili, wanda ya sha maganin, zufarsa da yawunsa suna ɗauke da shi na 'yan kwanaki, abin da ya taɓa duk sai ya bar masa shaida.

Mara lafiyar shi ne Alhaji Sale, mahauci, Bahaushen Garwa wanda kakanninsa suka zo daga ƙasar Kano da fataucin shanu. Kilishinsa ya yi suna, har daga Marwa da Kusiri ake aiko saye. Ciwon maƙoƙo ne ya kama shi, irin wanda ke sa jiki ya yi ta gudu ba birki. Ya rame, zuciya na bugawa, idanu sun firfito, hannu na rawa. Ga mai kilishi kuwa hannu shi ne jari, don naman sai an shimfiɗe shi da wuƙa ya yi siriri har a hango rana ta cikinsa. An yi ƙwayoyi an gaji. Da yake gidansa cike yake da jikoki da masu ciki, kuma sana'arsa ta abinci ce, muka yanke shawarar mu riƙe shi a ɗaki shi kaɗai na 'yan kwanaki bayan ya sha maganin namu.

Da na je yi masa bayani, ya saurare ni tsaf, yana jujjuya hula a gwiwa. Da na gama sai ya ce, "Likita, 'yata, ni ba maganin nake tsoro ba. Ni da hannun nan nake ci, kuma daga hannun nan mutane ke ci. In gari ya ji an ba Sale abin da sai an kulle shi, ba a shiga inda yake, wa zai ƙara sa kilishina a baki? Mu a sana'armu, in aka ƙyamaci hannunka sau ɗaya, ka gama."

Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Ba wanda zai san komai illa ka kwanta asibiti kamar kowa. Ni na tsaya maka." Haka na faɗa, da bugun ƙirji, ni 'yar Kano mai takardu.

Maganin ya iso ta jirgi daga kudu a cikin wata 'yar tukunyar dalma mai nauyin tsiya. Ranar Juma'a da safe Alhaji ya yi bisimilla ya haɗiye, muka rufe ƙofa, na auna ko'ina, komai daidai. Murna ta kama ni har na tafa da Madam Solanj. Bayan masallaci Dakta Bubakari ya ce mahaifiyarsa ta yi mini girki, daga nan kuma zai kai ni bakin gada in ga dorina. Na bar wa Madam Solanj ragama na tafi. Na ci na yi nak, na ga dorina ta buɗe baki, na yi ihu na ɓoye bayan likitan mutane, masu wanki a bakin kogi suna ta yi mini dariya.

Muna dawowa da la'asar, tun daga bakin ƙofar asibiti na jiyo kalangu. Na ce wa Dakta biki ake yi? Ya ce shi ma bai sani ba. Muka shawo kwana, sai ga harabar sashenmu ta zama kasuwa. Mahautan Garwa ne kaf suka zo dubiya, da Sarkin Pawa a gaba da rawaninsa, da makaɗansu, da matansu. Madam Solanj ta ɗaure igiya nesa da tagar ɗakin, ta tsaya da sandar mofa, ko mutum ɗaya bai tsallaka ba. Daga can suke ɗaga murya, "Alhaji, ya jiki? Allah ya sa kaffara ne!" Makaɗi na yi masa kirari da kalangu, shi kuma yana ɗago hannu ta taga. Wallahi abin ya burge ni, har na ce zan kai wannan dabara Kano.

Sai na leƙa ta gilashin ƙofa.

Ɗakin da na bari da gado da kujera da buta, yanzu babu wurin sa ƙafa. Kuloli, samiru, langa-langa, kwanukan tangaran, ƙorai, akussa, tun daga bakin ƙofa har ƙarƙashin gado. Alhaji na zaune a tsakiya kamar ango, hannun riga a naɗe. Yana buɗe kowanne, ya sa hannu ya ɗanɗana, ya lashe yatsa, ya leƙa taga ya yi shela: "Na gidan Malam Iro, farfesun nan ya yi! Inna Dudu, Allah ya bar mana ke, wannan fura sai ke!" Ya rufe, ya jawo na gaba.

Na waiwaya. Na ce, "Madam Solanj, mene ne wannan?"

Ta ƙame ta ce, "Madam Doktor, kin ce abin da ya shiga ba ya fita. Ba ki ce kada ya shiga ba."

Gaskiyarta. A Kano mun saba, in an kawo abincin dubiya sai a juye kaɗan a robar da za a yar, a miƙa wa mai shi kwanonsa nan take. Abin ya zama jiki har ban tuna doka ce da ake faɗa ba. Ita kuwa ta ga mayar da abincin dubiya cin fuska ne, sai ta riƙa karɓa tana turawa ta ƙofa da sandar mofa. Shi kuma Alhaji ba zai bar kwanon kowa bai taɓa ba, kada a ce ya zaɓi na wani.

Na sa safar hannu na shiga da 'Yar Tsegumi. Duk kwanon da na kai ta sai ta ɓarke. Ba wani abin da zai kashe mutum ba ne, amma ba zan bar shi ya koma gidan da yara ke lashe murfi ba. Muka kwashe su kaf zuwa ɗakin ajiya, muka manna wa kowanne takarda ruwan ɗorawa mai alamar haɗari, muka sa kwaɗo.

Washegari da sassafe mata suka zo karɓar kwanukansu. Dakta Bubakari ya yi musu bayani da Fulatanci mai taushi, na yi da Hausa, Madam Solanj ta yi da Faransanci. Suka saurara, suka dubi juna. Wata tsohuwa 'yar firit mai carbi a wuya, ita ce Inna Dudu mai fura, ta ce, "Yarinya, ni tambaya ɗaya gare ni. Akushina na gado, wanda uwata ta bar mini, kin ce don Sale ya sa hannu a ciki shi ya sa ba zai koma gidana ba?"

Na ce, "Na ɗan lokaci ne, Inna."

Ta ce, "To," ta juya. Wannan "to" ɗin kafin azahar ya zagaye Garwa.

Kwana biyu bayan haka Sarkin Pawa ya zo shi kaɗai, ba kalangu. Ya ce rumfar Alhaji ta mutu. 'Ya'yansa na zaune daga safe har yamma, ba mai tsayawa, har masu wucewa suna tsallaka titi. Wanda ya sayi kilishi tun kafin a kwantar da Alhaji ma ya dawo da shi. Ana cewa an ɗura masa gubar bam, duk abin da ya taɓa ya haramta har abada, ga shaida nan, ko kwano likitoci sun hana ya fita. Ya ce, "Hajiya, ciwo kun ce za ku cire masa. To sana'ar fa, wa zai mayar masa?"

Na je taga na tarar Alhaji ya juya wa ƙofa baya. Abincin da aka tura masa yana nan yadda yake. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Likita, ai na gaya miki." Na koma ɗakina na zauna gaban fankar nan, kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Mutum ya ba ni amanar abu ɗaya, kuma a kan dokata ya rasa shi.

Amma zama ba ya wanke kwano. Na buga waya Kano na ce a ƙara mini kwanaki, muka sa rigunan leda da safar hannu, muka buɗe wanke-wanke. Ku zo ku ga Dakta Bubakari, wanda tunda aka haife shi bai taɓa ɗauraye cokali ba, yana dirzar samira da soso, tabarau na zamewa, Madam Solanj na tsaye a kansa tana cewa bai fita ba, ya sake. Ragowar abincin kuwa ba a zubarwa sai tururinsa ya mutu, ga zafin Garwa. Kada ku so ku ji yadda farfesun kan sa yake komawa. Sai da muka roƙi aron firiza daga ɗakin gwaje-gwaje, su ma suka daina gaishe mu. Muna yi muna dariya kamar zararru, don in ba mu yi dariya ba kuka za mu yi.

Na ƙarfe da na tangaran suka fita tas. Ƙorai da akussa kuwa sun sha, sai dai a jira su huce da kansu. A cikinsu har da akushin Inna Dudu, baƙi mai sheƙi, wanda ya fi kowanne taurin kai. Kullum da safe sai na je na gaishe shi da na'ura.

Aka sallami Alhaji da sharaɗin ya raba ɗaki, kada ya ɗauki jika, kada ya taɓa nama sai na ce. Ya bi, bai karya ko ɗaya ba. Da lokaci ya yi na auna shi na ga ya koma kamar kowa, akushin ma ya yi shiru, sai na ce za mu zuba kwanukan a motar asibiti a bi gida gida a miƙa ba hayaniya.

Alhaji ya girgiza kai. "Likita, mu nan kwano ba ya komawa wayam. Wanda ya aiko maka da abinci, sai ka sa masa wani abu a ciki. Ni kuwa abin da nake da shi kilishi ne. Da hannuna zan yanka, da hannuna zan zuba, a rumfata, ranar kasuwa, kowa na gani."

Sarkin Pawa ya ce, "Sale, ka yi tunani. In suka ƙi karɓa a ɓoye, da sauran gyara. In suka ƙi a bainar jama'a, shi ke nan fa."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, yanzun ma shi ke nan ɗin nake ciki."

Ranar kasuwa muka jera kwanukan a kan tabarmi gaban rumfa, suna ta walƙiya. Na ci ado da atamfata mafi tsada. Mutane suka taru maƙil, amma can nesa, sun bar fili tsakaninmu kamar an ɗaura igiyar Madam Solanj. Wasu matan sun toshe hanci da mayafi. Na ce bari in nuna musu ilimi, na zaro 'Yar Tsegumi na kara a kan wata kula, ina shirin cewa kun ji, ba komai. Munafukar ta ce ƙyas, irin nata na kullum. Taron ya ja da baya gaba ɗaya, wani mai lemo har da kifar da tire. Na kashe ta na jefa a jaka.

Alhaji na tsaye da faifan kilishi, hannunsa na ɗan rawa, don maganin sai a hankali yake aiki. Bai dubi kowa ba. Na tako na tsaya gabansa, na ɗaga murya yadda na bayan ma za su ji.

"Baba, ni baƙuwa ce, ban kawo kwano ba. A hannu za ka ba ni."

Ya ɗago ya dube ni. Ya yago yanki mai faɗi ya ɗora mini a tafin hannu. Na yi bisimilla na cusa shi duka a baki, don kada a ce na ɗan taɓa ne.

Ashe bawan Allah, don ya burge, ya zuba yaji na fitar hankali. Wani ɗan barkono ya bi ta inda iska ke bi. Na ƙware. Na shiga tari, idanuna suka yi ja, hawaye na zuba, na dafe ƙirji na duƙe. Sai na ji kasuwa ta ɗauki salati. Wata ta rafka ihu, "Ta kama ta! Gubar ta kama likitar!" Dakta Bubakari ya yi fari kamar mutumin Figil. Ni kuwa ina so in ce yaji ne, murya ta ƙi fita. Na ga in na tsaya a nan na kashe mutumin nan har lahira. Sai na miƙe, hawaye shaɓe shaɓe, majina na neman tona mini asiri, na sake miƙa masa hannu. Ya ba ni. Na tauna ina tari, na haɗiye, na miƙa hannu na uku.

Cikin wannan hali na ji wata 'yar murya ta tsaga taron. "Kai, ku rufe mana baki! Wace guba? Wanda ya ci guba yana neman ƙari? 'Yar boko ce, ba ta iya cin yaji ba."

Inna Dudu ce. Ta ratso filin nan ita kaɗai, tana dogara sanda, ta wuce ni ko kallo ban ishe ta ba. Ta ɗauki akushinta, ta juya shi, ta duba gindi, ta shinshina, ta ƙwanƙwasa da farce ko mun fasa. Sannan ta miƙa wa Alhaji. Ya zuba mata har ya yi tozo. Ta yagi ɗan yanki, ta ɗaga shi sama ta hanga, ta jefa a baki. Kasuwa kaf aka zuba wa muƙamuƙinta ido.

Ta ce, "Sale, wannan kilishi ne ko tafin takalmi? Ubanka in ya yanka, ana karanta allo ta ciki. Dubi kauri! Ga gishiri ya yi yawa, ga tunkuzar ba ta ji wuta ba. Da ka kwanta asibiti har da hankalinka suka cire?" Tana faɗa tana ƙara yagowa.

A bayanta na ga matar Malam Iro ta sauke mayafi daga hanci tana neman kularta da ido. Wata ta biyo ta, sai wata, har aka fara ture-ture ana cewa wannan samirar tawa ce. Alhaji bai ko kalle su ba. Inna Dudu kawai yake kallo, hawaye na bin gemunsa, yana dariya.

Ya ce, "Ƙara, Inna. Don Allah ƙara zagina. In dai da bakinki cike za ki yi, ki kai har magariba."